Manet Na Biyu

Na sayi gem ɗin ne a hannun wani ɗan Gini da ke shirin wucewa arewa. Ya shimfiɗa kayansa a kan buhu a gefen wani shagon gyaran waya a Mahdiya, wata unguwa a garin Sabha na Libiya: bargo, tukunya, takalman ƙwallo, sai baƙin akwatin nan da wayoyinsa a naɗe, da manet biyu, wato abin da ake riƙewa a hannu ana juya 'yan wasa a talabijin. Hausarsa ta kasuwa ce, wadda ya tsinta a hanya.

"Aboki, ɗauka. Yana aiki lafiya lau. Mota ba ya yarda kaya. Mutum ɗaya, jaka ɗaya."

Na tambaye shi ko na'urar tana da wani aibi. Ya ce aibinta nauyi. Na ɗaga ta da hannu guda, na ji ba ta kai rabin bokitin fenti ba, na yi dariya na biya. Ranar Alhamis ce, kuma abin da ke raina shi ne Juma'a. Wanda ya yi aikin leburanci a Sabha ya san tsawon yinin Juma'a. Babu aiki, babu inda za ka je ba tare da an tambaye ka takarda ba, rana kuma tana zaune a kan kwanon rufi tun hantsi.

A lokacin ina zaune a unguwar Tayuri, cikin wani gidan haya na bulo mai ɗakuna kewaye da tsakar gida. Galibinmu 'yan Nijar ne. Ni aikin fenti nake yi, wasu gini, wasu gadi, wasu kuma duk abin da gari ya waye da shi. Ba a kulle ɗaki a gidan. Ba doka ba ce da wani ya kafa, babu dai dalilin kullewa. Abin da mutum ya mallaka yana cikin jakarsa, jakar tana rataye a ƙusa. Masu gadi suna dawowa da safe su kwanta a katifun waɗanda suka fita. Baƙon da ya sauka daga motar Agadas da ƙura a gira yakan ɗaga labulen da ya fi kusa da shi ya sami wuri. In kuma aka ji labarin kame, kowa ya saɓa jakarsa, kafin a ce wani abu gidan ya zama kango.

Ɗakina ni da taubashina ne, ɗan kawuna. Tare muka taso a wani ƙauye kusa da Damagaram, kuma ya riga ni zuwa Libiya. Tun muna yara yake ce mini bawansa, ni kuma ina ce masa ɓarawo, kuma ya ci sunan. Wasan taubasai ya ba shi damar ɗaukar abin da ya ga dama a cikin kayana, ba kuma ni da ikon yin fushi. Ya ɗauki hulata ta sallah tun muna makarantar allo. A Sabha ya ɗauki cazata, da rigar sanyina, da wani agogo da ban gama murnar sayensa ba. In na yi magana sai ya ce, "Bawa da kayansa ai duk na ubangidansa ne." Bai taɓa maido ko allura ba. Ni ma ina ramawa gwargwadon hali, takalmin da nake zuwa masallaci da shi nasa ne.

Da ya ga gem ɗin ya zagaya shi kamar mai taya akuya.

"To, bawana, ina talabijin ɗin?"

Ban yi tunanin talabijin ba. Wannan shi ne abu na farko da na'urar ta nema. Daga baya ta nemi tebur, domin ƙasa akwai yashi. Ta nemi ƙyalle mai tsabta da za a lulluɓe ta, ta nemi doguwar wayar wuta, ta nemi faifan ƙwallo na sabuwar shekara, saboda wanda ɗan Ginin ya bari 'yan wasansa duk sun canza kulob. Ba ta neman abu biyu a lokaci guda. Sai ka kawo ɗaya, sannan ka gane akwai wani a bayansa.

Amma Juma'o'in farko sun yi daɗi, ba zan ɓoye ba. Ana idar da salla aka ci abinci, ɗakinmu ya cika har bakin ƙofa. Mutum biyu ne ke riƙe da manet, sauran duk masu horarwa ne. Taubashina bai iya ba ko kaɗan, sai dai baki. Yana wasa yana sharhi kamar a rediyo, yana ba 'yan wasan sunayen mutanen ƙauyenmu, har da mai unguwa a tsaron gida. In na ci shi ya ce manet ɗinsa ne ke da ciwo. In ya ci ni, abin da ba kasafai ba, sai ya fita tsakar gida ya sanar.

A tsakar gidan akwai wani dattijo mutumin Tawa da ya fi kowa daɗewa, muna ce masa Baba. Shi ke dafa shayin Juma'a. Kafin gem ya zo, a gindin butarsa ake zama tun bayan azahar har inuwa ta kai bangon gabas. A nan ake jin wane mudir, wato mai ba da aiki, ke neman hannu, wane ne ke riƙe haƙƙin mutane, wace hanya ce ke da shinge a makon nan, wa zai tafi gida a ba shi saƙo. Wata Juma'a na leƙa waje na ga Baba shi kaɗai yana ɗaga buta sama yana zuba shayi a kofi, kumfa tana tashi, babu mai jira. Ya aiko mana da tire har ɗaki. Aka sha ba a kalli kofin ba.

Wutar Tayuri ba ta da tabbas. Wayoyin da suka shigo gidanmu an jawo su ne daga wani gidan, shi ma daga wani. Takan tafi yini guda, ta dawo da ƙarfin da zai sa ƙwan fitila ya yi fari fat. Wata rana ta dawo hakan, muka ji ƙauri. Na kai na'urar wurin wani mai gyara a Mahdiya, ɗan Kano, ya buɗe cikinta ya nuna mini ƙura da ta daskare a jikin fankarta kamar auduga.

"Malam, wannan ba ta zaman Tayuri ba ce," in ji shi. "Tana son wuta tsayayya, tana son ɗaki mai sanyi, ba ta son hannu da yawa. Mutum nawa ke taɓa ta?"

Na ce gida guda.

Ya girgiza kai ya ci gaba da hura mata iska.

Daga ranar na sayi abin daidaita wuta, na kuma koyi wani sabon tunani da ban taɓa yi ba tun zuwana ƙasar. Ina kan tsani ina shafa fenti a silin ɗin wani gida, sai in ji raina ya koma ɗaki. An cire filogi? An mayar da ƙyalle? Wa ya kwanta a katifata yau, kuma ina ya miƙe ƙafarsa? A da in na fita daga gida na fita ke nan, duk abin da nake tsoron rasawa yana cikin aljihuna.

Wata Talata na dawo na tarar da teburin babu komai. Kafin in buɗe baki wani mai gadi ya ce taubashina ne ya ɗauka, ya kai gidan 'yan Mali da ke bayanmu, wai an yi musu haihuwa a gida suna ɗan biki. Bayan la'asar ya shigo da ita a ƙarƙashin hammata, wayoyi na ja a ƙasa. Na taɓa ta na ji zafi kamar dutsen guga. Da na kunna, ta kama, amma manet na biyu ya samu rauni. Ko ba ka taɓa shi ba, ɗan wasanka sai ya kama tafiya hagu, a hankali, har ya fita daga fili.

"Ka gani?" in ji taubashina. "Na daɗe ina gaya maka manet ɗin nan yana da ciwo. Yanzu ka yarda."

Kowa ya yi dariya. Ni ma na yi, domin haka wasan yake. Washegari na biya kasuwa na sayi kwaɗo da sarƙa, na sa wani maƙeri ya gyara ƙofar langa-langar da ba a taɓa rufe ta ba. Makulli biyu ne, kuma na yi niyyar ba shi ɗaya. Na miƙa masa ya ƙi karɓa.

"Wa aka kulle wa ƙofar?"

"Ba kai ba. Saboda masu shiga da fita ne."

"Su wa ke shiga da fita? Akwai wanda ya taɓa ɗaukar maka abu a gidan nan ban da ni?"

Babu. Na ce masa ai na'urar ce ba ta son hannu da yawa.

"To ka riƙe makullinka, Alhaji. Ni ban iya shiga ɗakina da izini ba."

Ya kwashe katifarsa ya koma ɗakin masu gadi. Bai yi fushi a fili ba, ya ci gaba da tsokanata a tsakar gida. Sai dai ya bar ce mini bawa, ya koma Alhaji, sauran kuma suka ɗauka.

Babu wanda ya ce mini na yi laifi. Abin da ya canza ƙanana ne. Mutane suka fara yin sallama a ƙofata su tsaya sai na amsa. Ran Juma'a sukan tambaya, "Yau za a kunna?" maimakon su shigo su zauna. Wani baƙo ya sauka da rana tsaka ya taɓa ƙofata ya ji ta a kulle, ya kwanta a inuwar bango har masu ɗakuna suka dawo. Baba ne ya ba ni labarin yana wanke kofuna, bai ɗago kai ba. Ya ce, "Yaron ya ɗauka ɗakin mai gidan ne."

Da wutar ta ƙona mini abin daidaitawar shi ma, sai na ga hujja ta cika. Na sami ɗaki a Mahdiya, a saman wani shagon walda, inda wuta ta fi zama kuma ƙofar ƙarfe ce. Ranar tashi na ɗauki hayar ƙaramar mota. Ni da na shigo Sabha da jaka ɗaya a kafaɗa, sai ga talabijin, tebur, fanka, kwali biyu. Taubashina ne ya taya ni lodi. Da muka gama ya leƙa cikin motar ya ce, "Saura amarya." Ya zare tawul ɗina daga saman kwali ya rataya a wuya ya koma ciki.

Ɗakin Mahdiya ya yi wa na'urar daidai. Ba ta ƙara yin zafi ba. Ni kuma na ƙware. Na koyi bugawa da na'urar kanta, na ɗaga ƙarfinta mataki bayan mataki har na kai na ƙarshe, na ci kofuna da yawa. In ka ci ƙwallo 'yan kallon cikin talabijin suna ihu, amma ihun iri ɗaya ne kullum, har na san inda yake yankewa ya sake farawa. Wani lokaci nakan juya gefen dama in faɗi wata magana, sai in ga bango. Daga ƙasa ƙarar injin walda ce, ran Juma'a kuma ita ma babu.

Manet na biyu yana kan tebur, na naɗe wayarsa. Taubashina ya zo 'yan lokuta. Tsakanin Tayuri da Mahdiya ba wata tafiya ba ce ga mai takarda, amma ga irinmu kowace fita lissafi ce, kuma ba kowa ke son ɓata Juma'arsa a hanya ba. Ni ma nakan ce zan je shan shayi, sai in tuna wuta tana nan yanzu kuma ba a san yamma ba. Labarin aiki ya daina zuwa mini da wuri. Nakan ji an ɗauki masu fenti a wani babban gini bayan an gama ɗauka.

Da kakar dabino ta matso taubashina ya zo da kansa. Duk shekara mutanen gidanmu sukan sauka Gudduwa, kudu da Sabha, su yi makonni a gonaki suna yanka da tsincewa da cika kwali. Aikin akwai wuya, ƙayar dabino ba ta da tausayi, amma shi ne lokacin da muka fi zama kamar a gida. Ana kwana a rumfa ɗaya, ana ci a tire ɗaya, babu shinge babu mai tambayar takarda a cikin gona.

Ya zauna a bakin katifa yana kallon ɗakin.

"Jibi mota za ta tashi. Na sa a riƙe maka wuri."

Na ce ina so, amma wa zan bar wa kayan nan? Mai ɗakin ba ya ajiye wa kowa ɗaki, in ka tafi ya zuba wani. In na ci gaba da biyan haya ina can, aikin dabinon ya zama na banza. In na kai su Tayuri kuma, gidan zai zama babu kowa sai baƙi.

"Ka sayar."

"Ba a sayarwa cikin gaggawa, faɗuwa ake yi."

"To ka ɗauko ta mu tafi. Mu ɗaura wa raƙumi talabijin."

Na yi dariya, shi bai yi sosai ba. Ya ce, "Bara kai ka riƙe mini igiya da na hau dogon nan na bakin rijiya. Bana wa zai riƙe? Waɗannan yaran ba su san nauyina ba."

Na ce ya ba ni mako guda in shirya, zan biyo su.

Ya tashi ya miƙa hannu kan tebur ya ɗauki manet na biyu, ya cusa a aljihun rigarsa, wayar tana leƙowa.

"Wannan dama nawa ne, ni na ji masa ciwo. In kana so, ka zo Gudduwa ka ƙwata, bawana."

Ya daɗe bai kira ni da sunan ba. Na raka shi har bakin titi ina ce masa ɓarawo, wani Balarabe mai shago yana kallonmu bai san abin da ke ba mu dariya ba.

Na yi niyyar zuwa. Na yi wa mai gyaran nan ɗan Kano maganar ajiya, ya ce shagonsa ba ya ɗaukar amana, an taɓa fasa shi. Na sami wanda zai saya, ya taya da abin da ya fi kama da zagi. Sai wani aikin fenti ya fito a kusa, na ce in gama shi tukuna. Taubashina yana aiko da saƙon murya daga gona, iska tana kaɗa maganarsa: manet ɗina yana gaishe ni, ya koyi hawan dabino, ya fi ni amfani. Ina mayar masa da zagi. Daga baya saƙonnin suka ragu, na ɗauka aiki ne ya yi yawa.

Wata Juma'a Baba ya kira ni ya ce in zo akwai saƙona. Na tafi Tayuri. Fuskokin tsakar gidan rabi ban san su ba. Wani saurayi ya tashi ya ba ni tabarma, aka miƙo mini kofin farko kamar yadda ake yi wa baƙo. Wani ya ce, "Kai ne mai gem ɗin Mahdiya? Nawa kake karɓa wasa ɗaya?" Na ce ba na haya ba ne. Ya yi mamaki, ya tambaya to da wa nake bugawa.

Baba ya jawo wani ƙaramin buhu daga bayansa. Ya ce an gama yanka, mutane sun dawo, amma taubashina bai dawo ba. Ya sami mota daga can ta yi kudu, ya wuce gida. Ya ce ya gaji, kuma kawu ba ya jin daɗi. An yi masa shayin sallama a gona, kowa ya ba da saƙonsa.

"Bai gaya mini ba," na ce.

"Ya ce kana zuwa, zai gaya maka baki da baki. Har ranar tafiyar yana duban hanya."

Sai da na koma ɗaki na kwance buhun. Dabino ne mai kyau, zaɓaɓɓe, irin wanda ba a sa wa a kwalin kasuwa. A tsakiyarsa akwai ƙullin leda. Manet ɗin ne, an goge shi, an naɗe wayarsa da kyau an ɗaure da zare.

Na daɗe ina riƙe da shi. Hulata ta sallah ba ta dawo ba, agogona bai dawo ba, tawul ɗina ma yana can wani wuri a hanyar gida, tsakanin Gatrun da Agadas. Tun da na yi wayo mutumin nan bai taɓa maido mini da abu ba. Mutum yana maido kayan wanda yake jin nauyinsa ne.

Na haɗa manet ɗin da na'urar na ajiye shi a kan katifa, na ɗauki nawa. Aka busa usur. Ɗan wasansa ya kama tafiya hagu shi kaɗai, a hankali, ya wuce layi ya tsaya yana fuskantar 'yan kallo. Na kashe.

Bayan 'yan makonni na ji wani mutumin garinmu zai tafi gida. Na kai masa manet ɗin har tasha, na ce ya damƙa wa ɗan kawuna hannu da hannu, ya ce masa ɓarawon kirki ba ya maido kaya, ya riƙe abinsa. Mutumin ya juya shi a hannu ya ce, "Wannan kawai? Ba shi da amfani ai in babu uwar." Na ce ya dai kai.

Amsar ta zo a saƙon murya. Na ji kukan awaki a bayansa, da muryar wata mace tana kiran yaro. Ya gaishe ni da kyau, ya tambayi aiki, ya tambayi sanyi. Ya ce kawu ya samu sauƙi. Ya ce saƙo ya iso, an gode, Allah ya saka da alheri, yara suna ta wasan mota da shi a tsakar gida. Ya ce in gaida Baba in na gan shi.

Na saurara har ƙarshe ina jiran zagin. Na sake kunnawa daga farko, ko na tsallake shi.